Tarihin Binciken Abin da ke Sarrafa Girman Kifi

Cikin shekarun 1940 da na 1950 gwamnatocin mulkin mallaka sun sa an haƙa tafkunan kiwon kifi masu yawan gaske a ƙasashen Afirka, musamman a Kwango ta Beljiyam. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba, domin a farkon shekarun 1950 ne aka buɗe gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. Kifin da aka fi dogara da shi a yawancin tafkunan Afirka shi ne karfasa, saboda ba ta da tsirfa wajen abinci, kuma tana rayuwa a ruwan da wani kifin ba zai kwana a cikinsa ba. Sai dai ba a je ko'ina ba murna ta koma ciki. Idan aka zuba 'ya'yan karfasa a tafki, aka dawo bayan 'yan watanni aka ja koma, sai a tarar da kifi fal, amma kaɗan ne cikinsu suka kai tafin hannu. Dalili kuwa shi ne karfasar tafki takan fara haihuwa tun tana 'yar mitsitsiya, daga nan sai girmanta ya ja baya, ga kuma 'ya'ya da jikoki sun cika ruwa ana rububin abinci. Tafkuna da yawa haka aka watsar da su ciyawa ta cinye.

Masunta sun san wani abu na wannan zance tun kaka da kakanni, domin ba wanda ke sana'ar su da bai san namijin karfasa ya fi macen girma ba. Abin da ba a sani ba shi ne wa ke ba jikin kifi umarnin ya girma ko ya dakata, ta wace hanya umarnin yake bi, kuma me ya haɗa shi da sha'anin haihuwa. An shafe fiye da shekara 60 ana neman amsa a jami'o'in Jamus da Amurka da Kanada da Sin da Holan. Kusan duk lokacin da masana suka zo wa kifi da ilmin da suka samo daga ɓera da tunkiya, sai kifi ya nuna musu cewa nasa tsarin daban ne.

Ƙullin gindin ƙwaƙwalwa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace dabba mai ƙashin baya akwai wani ɗan ƙulli da likitoci ke kira fituwitari. Na mutum bai fi ƙwayar gujiya ba, na ƙaramin kifi kuwa kamar ƙwayar gero yake. Jalinus, likitan nan na ƙarni na 2 wanda malaman ɗibbu na ƙasashen Musulmi suka daɗe suna karanta littattafansa, ya ɗauka cewa aikin ƙullin shi ne tace majinar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ta gangaro hanci. Sunan ma daga kalmar Latin mai ma'anar majina aka samo shi, kuma an riƙe wannan ra'ayi har cikin ƙarni na 17. A shekarar 1886 wani likitan Faransa, Pierre Marie, ya siffanta wata cuta mai sa hannuwa da ƙafafu da haɓar baligi su ci gaba da girma, ba da jimawa ba kuwa aka lura cewa fituwitarin masu cutar a kumbure yake. A 1905 Ernest Starling na Ingila ya fito da kalmar homon, watau sinadarin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga wata gaɓa mai nisa. A 1921 Herbert Evans da Joseph Long na Jami'ar Kalifoniya suka yi ta yi wa ɓeraye allurar ruwan fituwitarin shanu, ɓerayen suka zama ƙatti. A 1944 kuma Choh Hao Li da Evans suka tace sinadarin shi kaɗai, wanda ake kira homon girma.

Duk wannan aiki a kan dabbobi masu shayarwa aka yi shi. Amma tun kafin a kai ga tace homon, kifi ya riga ya ba da amsar wata tambaya wadda ba a ma yi ta ba tukuna. A shekarar 1928 wani ɗalibi mai suna Ernst Scharrer, wanda bai wuce shekara 23 ba, yana aikin digirinsa a Jami'ar Munich ta Jamus a ƙarƙashin Karl von Frisch, masanin nan da ya yi suna wajen nazarin ƙudan zuma. Aikinsa shi ne ya gano yadda wani ɗan kifin rafi, Phoxinus, yake gane haske ko da an makantar da shi. Yana cikin duba yankan ƙwaƙwalwar kifin a madubin likita sai ya ga wasu ƙwayoyin jijiya, a sashen da ke bisa fituwitari, cike da ɗigo-ɗigon wani abu irin wanda ake gani a gaɓoɓin da ke fitar da homon. Sai ya yanke cewa ƙwaƙwalwa ita ma tana ƙera sinadari ta aika da shi.

Manyan masanan zamanin suka yi masa ca. A ganinsu jijiya waya ce, aikinta kai saƙo irin na lantarki, ba ruwanta da ƙera wani abu. Wasu suka ce ɗigon da ya gani alamar lalacewar ƙwayoyin ne, wasu suka ce aibin rinin da ya yi aiki da shi ne. Scharrer da matarsa Berta ba su saki ba. Suka raba aiki, shi ya ɗauki masu ƙashin baya, ita ta ɗauki ƙwari da makamantansu, har kyankyaso ya zama babban abin gwajinta. Mulkin 'yan Nazi ya sa suka bar Jamus zuwa Amurka a 1937. Ba a sallama musu ba sai bayan 1949, sa'ad da Wolfgang Bargmann na Kiel ya yi amfani da wani sabon rini ya bi sawun ɗigon nan tun daga ƙwaƙwalwa har cikin fituwitari. Shekara 21 ke nan tsakanin gani da yarda. Sashen ƙwaƙwalwar da ake magana a kansa shi ne haifotalamus da maƙwabtansa.

Grace Pickford da ɗan kifin gaɓar teku

Wadda ta fara tabbatar da cewa kifi ma da homon girma yake girma ita ce Grace Pickford, 'yar Ingila da aka haifa a 1902, wadda ta yi karatu a Cambridge, ta yi nazarin tana a Afirka ta Kudu, sa'an nan ta zauna a Jami'ar Yale ta Amurka. Abin gwajinta shi ne Fundulus, wani ɗan kifin gaɓar teku da bai fi tsawon yatsa ba. Dabarar ba ta da wuyar faɗi: a cire fituwitari, a ga abin da jiki ya rasa, sa'an nan a riƙa mayar da sinadarai ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ya gyara me. Yi ne ke da wuya, domin sai an shiga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wannan ɗan taliki an ɗauke abin da ido ke ganinsa da ƙyar, kuma kifin ya rayu watanni bayan haka.

A farkon shekarun 1950 ta nuna cewa kifin da aka cire wa fituwitari tsawonsa yana tsayawa cik, idan kuwa aka yi masa allurar homon girma na shanu sai ya ci gaba da girma. Abokin aikinta Alfred Wilhelmi ya tara fituwitarin manyan kifayen teku ya tace homon girma na kifi, a 1954 kuma Pickford ta nuna yana aiki a jikin Fundulus. Da aka gwada shi a jikin ɓera sai ya kasa taɓuka komai. Na shanu yana aiki a kifi, na kifi ba ya aiki a ɓera, na shanun kuma ba ya aiki a mutum. Wannan ya zama gargaɗi na farko cewa sunan homon ɗaya ba ya nufin abu ɗaya ne a kowane jiki. Littafin da ta wallafa tare da James Atz a 1957 a kan fituwitarin kifaye shi ne ya zama abin dogaron masu wannan fanni shekara da shekaru. (A hanya kuma ta tsinci wani abu: a 1959 ta nuna cewa kifin da ba shi da fituwitari mutuwa yake yi a ruwan daɗi in ba a ba shi furolaktin ba, homon da aka sani da kawo ruwan nono. Ga shi kuwa kifi ba ya shayarwa.)

Neman mabuɗi, samun takunkumi

To, wa ke ba fituwitari umarni? Geoffrey Harris na Ingila ya tsaya a kan cewa, a dabbobi masu shayarwa, haifotalamus yana zuba sinadaransa cikin wasu 'yan gajerun hanyoyin jini da ke gangarawa kai tsaye zuwa fituwitari. Littafinsa na 1955 ya sa aka shiga tseren neman waɗannan sinadarai, kuma waɗanda suka fi zaƙewa su ne Roger Guillemin da Andrew Schally a Amurka, mutum biyu da ba sa ga maciji. Guillemin ƙwaƙwalwar tumaki yake tarowa daga mayanka, Schally ta aladu. Sai an narkar da ta dabbobi dubu ɗaruruwa kafin a sami abu ɗan mitsitsi. A 1969 suka gano TRH, mai tayar da homon gaɓar maƙogwaro. A 1971 Schally ya gano GnRH, mai ba da umarnin haihuwa. A 1973 mutanen Guillemin suna neman abin da ke sakin homon girma, sai suka yi kiciɓis da abin da ke hana shi fita, wani ɗan sinadari mai amino asid 14, suka raɗa masa suna somatositatin. An ba su kyautar Nobel a 1977 tare da Rosalyn Yalow, wadda ita da Solomon Berson suka ƙago hanyar auna homon a cikin ɗigon jini. Mai sakin homon girman kuwa, watau GHRH, bai samu ba sai 1982, kuma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, domin a cikin ƙarin da ya fito wa wasu majinyata a fankiriyas aka same shi.

Daga nan hoton dabbobi masu shayarwa ya fito tsaf: GHRH yana turawa, somatositatin yana riƙewa, homon girma yana fita tsakaninsu. Sai aka juya ga kifi da wannan hoto a hannu, aka tarar bai dace ba tun daga ginin jiki. Yawancin kifaye masu ƙashi ba su da hanyoyin jinin nan na Harris a sigar da aka sani. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa su da kansu suke kutsawa cikin fituwitari, su tsaya daf da ƙwayoyin da ke ƙera homon, kowace jijiya da nata saƙon. Ɓera wasiƙa ake aika wa fituwitarinsa, shi kuwa kifi masu umarnin ne ke zuwa ƙofar gida da kansu, kuma suna da yawa.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi. Idan aka cire fituwitarin kifaye da dama aka ajiye shi cikin ruwan gwaji, nesa da ƙwaƙwalwa, ba ya yin shiru, ci gaba yake yi da zubar da homon girma ba tare da kowa ya sa shi ba. Ke nan babban aikin ƙwaƙwalwar irin waɗannan kifaye shi ne riƙe linzami. A nan karfasa ta sake shigowa labarin, wannan karon a Kalifoniya. A 1976 masana na can, ciki har da Howard Bern da Li, suka tace homon girma na karfasar Mozambik, a 1979 kuma aka nuna cewa somatositatin yana hana fituwitarinta sakinsa. Somatositatin mai amino asid 14 na kifi da na tunkiya da na mutum duk ɗaya ne, ba bambancin ko ɗigo. Sai dai kifi yana da wasu ire-irensa ƙari, har an ƙirga ƙwayoyin gadonsa 6 a jikin wasu kifaye.

Kifin zinariya a Alberta

Babban rabon wannan tarihi na wani ɗakin gwaje-gwaje ne a Jami'ar Alberta da ke Edmonton ta Kanada, ƙarƙashin Richard Peter, wanda ya rasu a 2007. Abin gwajinsa kifin zinariya ne, ɗan kifin adon nan da ake sa wa cikin kwalba. Mai ji zai ce wasa ne, amma zaɓin na hikima ne: ga arha, ga juriya, ga shi kuma ɗan'uwan kifayen kaf ne, waɗanda su ne ginshiƙin kiwon kifi a ƙasar Sin. A 1975 Peter ya wallafa taswirar ƙwaƙwalwar wannan kifi, wadda ta ba shi damar ƙona wuri guda ɗan ƙanƙane ya ga abin da zai biyo baya.

Da farko haihuwa ce ke gabansa. Ya lura cewa in aka lalata wani wuri a gaban haifotalamus, macen kifi takan saki ƙwai nan da nan, alamar cewa akwai wani mai hanawa a wurin. A farkon shekarun 1980 shi da ɗalibinsa John Chang suka tabbatar da cewa mai hanawar shi ne dofamin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke magana da juna da su. A daidai wannan lokaci, a 1983, Nancy Sherwood ta gano GnRH na kifin salmon, wanda ya bambanta da na dabbobi masu shayarwa a wuri 2 cikin amino asid 10. A shekarar dai aka sami hanyar auna homon girma a jinin kaf da kifin zinariya. Wannan ma'auni shi ne ya buɗe ƙofa, domin kafin samuwarsa sai dai a auna tsawon kifi a yi ta jira.

Abin da ma'aunin ya nuna ya ɗaure wa kowa kai. A 1989 Tracy Marchant da Chang da Peter da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa GnRH, wanda duniya ta sani da umarnin haihuwa kurum, yana sakin homon girma a jikin kifin zinariya, har in aka dinga yi wa kifin allurarsa tsawonsa yana ƙaruwa. Sai kuma dofamin: shi da ke hana homon haihuwa fita, shi ne ke tura homon girma waje. A 1992 Anderson Wong ya nuna yadda haka ke yiwuwa. Kowane sinadari yana da makarɓa a jikin ƙwayar da yake yi wa magana, kamar kuba da kwado. Ƙwayoyin haihuwa suna da makarɓar dofamin iri na biyu, mai rufewa, ƙwayoyin girma kuwa suna da iri na ɗaya, mai buɗewa. Manzo ɗaya ne, amma saƙon da kowane gida ke ji daban.

Daga nan sai jerin ya yi ta tsawo. TRH yana turawa, haka wani sinadari mai suna NPY da ke tayar da yunwa. Serotonin da noradirenalin suna hanawa. PACAP, wanda aka gano a ƙwaƙwalwar tumaki a 1989, ya fito a matsayin ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin masu turawa a kifaye da dama. Girelin, homon da aka samo a tumbin ɓera a 1999, shi ma an same shi a kifi yana wannan aiki. GHRH kuwa, sarkin masu turawa a jikin ɓera, ya zama ɗan rakiya a nan. Har ma sai a 2007 aka gane cewa abin da aka daɗe ana kira GHRH na kifi wani danginsa ne, na ainihin yana can daban.

A nan ya kamata a yi hattara, domin akwai kuskuren da ɗalibai, har da wasu marubuta littattafai, kan faɗa ciki, watau su ɗauki kifin zinariya a matsayin wakilin dukan kifaye. Nau'o'in kifi sun haura 30,000, kuma nisan da ke tsakanin wasu da wasu ya fi na saniya da jemage. A karfasa, masanan Jami'ar Tel Aviv sun tarar cewa GnRH yana sakin homon girma kamar yadda aka gani a Alberta. Amma a tarwaɗar Afirka, wadda masanan Jami'ar Utrecht ta Holan suka daɗe suna nazari, an nuna a 1997 cewa ƙwayoyin girma ba su da makarɓar GnRH sam. Haka ma dogon kifin nan na Turai mai kama da maciji bai amsa ba. Karfasa da tarwaɗa kogi ɗaya suke sha, amma tsarin ƙwaƙwalwarsu a wannan wuri ya sha bamban.

Homon jinsi

Tun a 1986 Marchant da Peter sun lura da wani abu da bai zauna daidai ba. Homon girma ya fi yawa a jinin kifin zinariya bayan ficewar hunturu, lokacin da ƙwai ke nuna, alhali girman jiki bai fi sauri ba sai tsakiyar lokacin zafi, wajen watan Yuli. In dai homon girma shi ne girma, me ya sa lokutan biyu suka saɓa?

Rabin amsar yana wurin homon jinsi, watau waɗanda gaɓoɓin haihuwa ke ƙerawa. Na mace shi ne istiradiyol, na namiji testosteron, sai kuma wani da David Idler ya gano a jinin salmon a 1960. A 1992 Vance Trudeau, a ɗakin Peter, ya dasa wa matan kifin zinariya istiradiyol a ciki, sai homon girma ya hau sama ƙwarai, fituwitari kuma ya ƙara saurin amsa kiran GnRH da TRH. Testosteron bai yi haka ba a wannan gwaji. Cikin shekarun 1990 masanan Jami'ar Guelph ta Kanada suka ga irin wannan a kifin tirawut, suka kuma nuna cewa istiradiyol yana rage somatositatin a jini, watau yana sassauta linzami. Akwai wani abu da ke rikita lissafi: ƙwaƙwalwar kifi tana da wani sinadari mai suna aromates, wanda ke juya testosteron ya koma istiradiyol, kuma yawansa a can ya ninka na dabbobi masu shayarwa sau 100 ko fiye, kamar yadda Gloria Callard ta Boston ta nuna. Saboda haka in aka ba kifi homon namiji aka ga sauyi, sai an bincika kafin a san ko aikinsa ne, ko kuwa na macen da ya rikiɗa ya zama.

Ɗaya rabin amsar yana hanta. Tun 1957 William Daughaday da William Salmon suka nuna cewa homon girma ba shi ne ke miƙa ƙashi da hannunsa ba, ɗan aike gare shi, wanda daga baya aka kira IGF-I, kuma hanta ce ke ƙera mafi yawansa. To, hantar macen kifi tana da wani aiki na biyu: idan istiradiyol ya iso mata, sai ta shiga ƙera sinadarin gwaiduwa, jini ya ɗauke shi ya kai wa ƙwai. Gwaje-gwaje a karfasa, musamman na masanan Hawaii, da kuma a dangin salmon, sun nuna cewa istiradiyol yana rage IGF-I a daidai lokacin da yake ƙara gwaiduwa. Ga homon girma cike da jini, amma hanta ta juya masa baya ta fuskanci ƙwai. Shi kuma homon ba zaman banza yake yi ba, domin yana narkar da kitse ya ba jiki ƙarfi, kuma an nuna yana taimakon gaɓoɓin haihuwa wajen ƙera nasu homon. Irin wannan ake gani a kifin da ya daɗe bai ci abinci ba: homon girma ya yi yawa, IGF-I ya faɗi, kifi yana ramewa. Wanda ya auna homon girma kaɗai ya ce kifinsa na girma, ya yi hukunci da shaida ɗaya.

Ko a nan ma ba a rasa masu saɓawa ba. A wani kifin tafkunan Amurka ta Arewa mai ratsin rawaya, mace ce ta fi namiji girma, kuma istiradiyol ƙara mata girma yake yi.

Komawa tafki

Masu kiwo ba su jira an gama wannan bayani ba. Tun cikin shekarun 1950 Toki-o Yamamoto na Jami'ar Nagoya ta Jafan ya nuna cewa ana iya juya jinsin ɗan kifi in aka sa masa homon a abinci tun yana jariri. A 1960 Charles Hickling ya ba da rahoto daga Malaka cewa barbarar wasu nau'o'in karfasa biyu tana ba da 'ya'ya maza zalla. A 1975 Rafael Guerrero, ɗan ƙasar Filifin da ya yi karatu a Auburn ta Amurka, ya nuna yadda za a mayar da 'ya'yan karfasa maza ta hanyar abinci. Dabarar da ta bazu daga baya ita ce a haɗa miligiram 60 na wani testosteron ƙirar masana'anta a kowane kilo na abinci, a ba su na mako 3 zuwa 4. Tafkin da ba mace ba haihuwa, ba cunkoso, ba kuma uwar da za ta ƙi cin abinci kwana da kwanaki saboda ta ƙunshi ƙwai a baki, kamar yadda macen karfasa ke yi. Matsalar da ta kashe tafkunan shekarun 1950 ta haka aka shawo kanta, tun kafin a san sunan rabin sinadaran da aka ambata a sama.

Wasu kuma suka ce a tsallake ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. A 1985 Zhu Zuoyan na Wuhan ya ba da rahoton sa ƙwayar gadon homon girma cikin ƙwan kifin zinariya. A 1994 Robert Devlin na Kanada ya samar da salmon da nauyinsu ya ninka na 'yan'uwansu sau 11 a matsakaici, domin homon nasu ba ya jin linzamin somatositatin. Amma shi Devlin ɗin ne ya nuna a 2001 cewa tirawut ɗin da masu kiwo suka daɗe suna zaɓa saboda saurin girma ba ya ƙaruwa da wani abin kirki in aka yi masa haka, alamar cewa zaɓen iri ya riga ya kai shi kusa da iyaka. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta halatta cin wani salmon irin wannan a 2015, kamfanin da ya mallake shi kuwa ya daina kiwonsa a ƙarshen 2024.

Abin da ya fi isa gonakin kifi na Nijeriya daga wannan tarihi ta ƙofar dofamin ya shigo. Tarwaɗa, kamar kaf, ba ta sakin ƙwai da kanta a cikin tankin siminti. Tun shekarun 1930, bayan gwajin Bernardo Houssay a Ajantina da na Rodolpho von Ihering a Barazil, maganin da aka sani shi ne a yanka wani kifi a niƙa fituwitarinsa a yi wa mace allura. Cikin shekarun 1980 Peter da Lin Haoran na Jami'ar Zhongshan da ke Guangzhou suka haɗa GnRH ƙirar masana'anta da maganin da ke toshe makarɓar dofamin, watau a tura a kuma sake linzami lokaci ɗaya, aka kira hanyar Linpe, daga farkon sunayensu biyu. Ita ce ta zama allurar Ovaprim, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke yi wa mace rabin mililita a kowane kilo na nauyinta. GnRH ɗin da ke cikinta ba shi da ƙofar shiga ƙwayoyin girma na tarwaɗa, bisa ga gwajin Utrecht. Ƙwai yake saukarwa, cikin kamar awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa.